Yadda za ka haɗa PS5, Xbox ko Switch da monitan kwamfuta, hoto ya fito sauti ma ya fito

Kafin ka sayi waya ko adafta ko wani abu, ka juya monitanka ka leƙa bayanta tukuna, domin ramukan da ke can su ne za su gaya maka ko aikin na minti biyu ne ko kuma sai ka ɗan sha wahala. Na'urorin gem na yanzu gaba ɗayansu, PS4, PS5, Xbox One, Xbox Series X da S, da Nintendo Switch in tana cikin dok ɗinta, wato mazaunin da ake zura ta ciki don ta fitar da hoto waje, ta hanya ɗaya kawai suke fitar da hoto, wato HDMI. Babu DisplayPort a jikinsu, babu VGA, kuma ramin USB-C ɗin da kake gani a gaban PS5 ba ya ba monita hoto, kar ma ka ɓata lokacinka a kansa. Toh in ka leƙa ka ga monitar tana da HDMI, ai ka gama rabin aiki.

Ni dai ina cikin masu ganin monita ta fi talabijin daɗin buga gem in kai kaɗai ne ko ku biyu a kan tebur, kuma dalilin ba wani ɓoyayye ba ne. Talabijin yana tsayawa ya yi wa hoto kwalliya kafin ya nuna maka shi, ya gyara kala, ya santsantar da motsi, duk wannan yana cin lokaci, shi ya sa wani sa'in za ka danna a pad sai ka ji kamar ɗan wasan ya makara kafin ya motsa. Monita ba ruwanta da yawan kwalliya, abin da aka ba ta shi take zubowa nan take. A gem ɗin ƙwallo ko na harbi ko na faɗa wannan ɗan jinkirin shi ne bambancin ka ci ko a ci ka.

Idan HDMI ne a ɓangarorin biyu, ga yadda ake yi. Ka kashe na'urar gaba ɗaya, ba yanayin barci ba, ka soka wayar a ramin da aka rubuta HDMI OUT a bayanta, ɗaya bakin kuma a monita, sai ka kunna monitar tukuna sannan ka kunna gem ɗin. Wannan jerin yana da amfani saboda lokacin da na'urar ke tashi tana tambayar monita irin hoton da za ta iya ɗauka, in ta samu monitar a kashe wani lokaci sai ta zaɓi abin da bai dace ba. Masu Xbox One ku kula sosai, ramin HDMI biyu ne a bayanta, ɗaya IN ɗaya OUT, kuma suna kusa da juna, mutane da yawa a IN suke sokawa su zauna suna kallon baƙin sikirin suna cewa na'ura ta mutu. Bayan nan sai ka danna madannin da ke ƙasa ko bayan monitar ka shiga Input ko Source ka zaɓi HDMI 1 ko HDMI 2, duk wanda ka soka a ciki. Ba kowace monita ce ke juyawa da kanta ba, wasu sai ka gaya musu.

Switch kuma sai da dok. Ka buɗe murfin bayan dok ɗin, ka sa cajarta ta asali a ramin sama, HDMI a wanda aka rubuta HDMI OUT, sannan ka zura Switch ɗin ciki. Na ce caja ta asali saboda dok ɗin yana buƙatar bolt 15, cajar waya ba za ta sa ya fitar da hoto ba ko da kuwa bakin ya shiga daidai. Switch Lite kuwa ba ta fitar da hoto waje sam, ba a saka mata kayan yin hakan a ciki ba, babu wani dok ko adafta da zai canza wannan, duk wanda ya ce maka akwai kar ka ba shi kuɗinka.

Yanzu sai inda ake yawan yin asara, wato monitar da ba ta da HDMI.

In DVI gare ta, wannan farin bakin mai faɗi mai ƙusoshi biyu a gefe, ka yi sa'a. Hoton da ke bi ta DVI-D da wanda ke bi ta HDMI kusan iri ɗaya ne, don haka waya mai HDMI a baki ɗaya DVI a ɗaya bakin ta wadatar, ba ta buƙatar wuta ba ta buƙatar komai. Za ta ba ka 1080p a kan 60Hz, wato hoto 60 a sakan ɗaya, lafiya lau, iyakarta kenan kusan, ba HDR mai ƙara wa hoto haske da kala, ba 120Hz, kuma sauti ba ya bi ta nan, sai ka nema masa wata hanya, zan zo kan wannan.

In VGA ce kawai, shuɗin bakin nan mai fil 15, toh nan waya zalla ba za ta yi ba ko da an ce maka za ta yi. VGA tsohon tsari ne na analog, HDMI kuma dijital, dole sai an samu ɗan akwati a tsakiya mai cif a ciki da zai juya wannan ya koma wancan. Ka nemi kwanbata na HDMI zuwa VGA, kuma don Allah ka ɗauki wanda ke da ramin USB na ba shi wuta da kuma ramin iyafis a gefe. Waɗanda ba su da ramin wuta suna dogara ne da 'yar wutar da ke zuwa ta HDMI, a laftof suna aiki, amma a PS4 sau da yawa wutar ba ta isarsu sai ka ga sikirin yana ƙiftawa ko ya ƙi kawowa kwata-kwata. Ana iya jona wayar wutar a USB ɗin na'urar gem ɗin kanta. Sannan akwai maganar HDCP, wani makulli ne da aka sa a hoton HDMI don hana kwafar finafinai, kuma kwanbatoci da yawa ba sa iya buɗe shi. A PS4 sai ka fara jona ta da wani talabijin, ka shiga Settings, System, ka cire alamar da ke kan Enable HDCP, a PS5 kuma yana cikin Settings, System, HDMI. In ka kashe shi gem zai yi aiki, amma manhajojin kallon fim irin su Netflix za su ƙi buɗewa sai ka mayar. PS3 ita ba ta ma ba ka damar kashewa, kullum a kunne yake. Gaskiya in da hali ni ba na ba mutum shawarar ya kashe kuɗi a kan VGA saboda PS5, hoton zai yi laushi-laushi, rubutu ba zai fito tas ba, ka sayi na'ura mai ƙarfi sannan ka shaƙe ta, amma in ita ce a hannu toh a yi maneji da ita kafin a samu wata.

DisplayPort shi ne ya fi ruɗa mutane, kuma a nan nake so ka natsu. Wayoyin da suka cika kasuwa waɗanda aka rubuta DisplayPort to HDMI an yi su ne don kwamfuta mai DisplayPort ta aika hoto zuwa talabijin mai HDMI, hanya ɗaya suke bi, ba sa komawa baya. Kai kuma akasin haka kake so, hoto ya fito daga HDMI na gem ya shiga DisplayPort na monita. Bakunan za su shiga daidai kamar an auna, amma ba abin da zai fito. Abin da kake nema shi ne wanda aka rubuta HDMI to DisplayPort, HDMI ɗin ne a farko, kuma za ka gane shi da 'yar wayar USB da ke maƙale a jikinsa ta shan wuta. Ka karanta jikin kwalin da kyau ka ga ina ne input ina ne output. Ko shi ɗin ma ka sani akwai abin da zai iya zubewa a hanya, yawanci VRR, wanda ke hana hoto yagewa, ba ya wucewa, wasu kuma 60Hz ne iyakarsu, don haka in monitar tana da HDMI ko da tsoho ne gara ka fara gwada shi.

Laftof fa? Wannan tambayar kullum sai an yi ta. Ramin HDMI na laftof na fitarwa ne, ba ya karɓa, haka ma yawancin kwamfutocin da ke haɗe da sikirin ɗinsu in ba an rubuta HDMI IN ƙarara a jiki ba. Hanya biyu ce ta rage maka, ko ka sayi kati mai kama hoto na USB ka buɗe shi a manhaja irin OBS, ko ka yi amfani da Remote Play na PlayStation ko na Xbox ta intanet ɗin gida. Duka biyun suna ƙara jinkiri, za ka iya buga gem ɗin labari a hankali amma ba na gasa ba.

Sai sauti, wanda shi ne abin da ke ba kowa mamaki a ranar farko. Hoto ya fito tas, an shiga gem, shiru kake ji. Ba lalacewa ba ce, monitoci da yawa ba su da sifika ne a ciki, waɗanda suke da ita ma ƙaramar aba ce mai wat 2 ko 3 da ba ta da wani armashi. Abu na farko ka sake leƙa bayan monitar ko akwai ɗan rami zagayayye na 3.5mm mai hoton hedifon ko an rubuta Audio Out. In akwai shikenan, sautin yana zuwa ta HDMI ya fita ta nan, sai ka jona sifikun kwamfuta ko hedifon, ka shiga menu na monitar ka ɗaga murya don wasu suna zuwa a kan sifili ko a kulle. Amma ka duba rubutun da kyau, a tsofaffin monitoci ramin na Audio In ne, na karɓar sauti daga kwamfuta, wannan ba zai fitar maka da komai ba.

In babu wannan ramin, mafi sauƙi shi ne pad ɗin da ke hannunka. DualShock 4 da DualSense duk suna da ramin iyafis a ƙasa, haka ma pad ɗin Xbox tun daga waɗanda aka fara yi a 2015. Ka soka hedifon a nan. A PlayStation akwai wani saiti da in ba ka taɓa shi ba za ka iya jin muryar abokan hira kawai ban da sautin gem, ka shiga Sound, Audio Output, ka nemi Output to Headphones ka mayar da shi All Audio, a PS4 kuma yana ƙarƙashin Devices, Audio Devices. Har sifika ma ana iya jonawa a pad ɗin da wayar aux, sai dai wayar za ta riƙa bin hannunka duk inda ka juya kuma batir zai fi saurin ƙarewa. Switch ita ramin iyafis ɗinta na sama yana aiki ko tana cikin dok, kuma tun sabuntawar da aka yi mata a Satumban 2021 tana karɓar hedifon na Bluetooth kai tsaye. PS5 da Xbox ba sa karɓar hedifon ɗin Bluetooth na gama-gari haka kawai. A PS5 za ka iya sa ɗan dongul na USB ko sifikun USB su yi aiki, Xbox kuwa ta fi tsauri, ta USB sai kayan da aka yi musamman dominta.

Wanda yake son sifiku na sosai a kan tebur, hanyar da ta fi tsafta ita ce ɗan akwatin da ke cire sauti daga HDMI, a kwali za ka ga an rubuta HDMI audio extractor. Waya ta fito daga gem ta shiga cikinsa, wata ta fita zuwa monita, shi kuma ya ba ka ramin 3.5mm ko na optikal a gefe. Shi ne kuma maganin masu DVI. Abin lura ɗaya, duk hoton yanzu ta cikinsa zai bi, in akwatin 4K 60 ne iyakarsa ko ma 1080p, toh ya rage wa monitarka ƙarfi kenan, ka duba ya dace da abin da kake so, musamman in kana harin 120Hz. Kuma ka sa tsarin sauti a Linear PCM a PlayStation ko Stereo uncompressed a Xbox, saboda in ka bar shi a Dolby ko DTS ƙananan akwatunan nan da monitoci ba sa iya fassara shi, sai ka ji shiru ko ƙara mai ban haushi. PS4 ta farko da PS4 Pro da Xbox One suna da ramin optikal nasu, PS4 Slim da PS5 da Xbox Series ba su da shi.

To hoto ya fito, sauti ya fito, saura a tabbatar kana samun duk abin da monitar za ta iya bayarwa, domin mutane da yawa suna da monita mai 144Hz amma shekara guda suna buga gem a 60 ba su sani ba.

Ka ɗauki HDMI kamar bututun ruwa, iya faɗinsa iya abin da zai wuce. HDMI 1.4 yana ɗaukar 1080p cikin sauƙi amma 4K a 30 kawai. HDMI 2.0 mai gigabit 18 a sakan yana ɗaukar 4K a 60, ko 1440p a 120. HDMI 2.1 mai kaiwa gigabit 48 shi ne ke ba da 4K a 120. Kuma wanda ya fi ƙanƙanta a cikin ukun nan, na'ura da waya da ramin monita, shi ne ke yanke hukunci. Ga inda talla ke yaudarar mutane: za a rubuta 165Hz ɓaro-ɓaro a kwali, amma wannan lambar ta DisplayPort ce, ta HDMI kuma wataƙila ba ta kai haka ba. Ka buɗe littafin monitar ko shafin kamfanin ka ga abin da ramin HDMI ɗin kansa ke ɗauka. Wasu monitocin ma ramukan nasu biyu ba ƙarfinsu ɗaya ba, ɗaya 2.0 ɗaya 1.4, wasu kuma sai ka shiga menu ka ɗaga sigar HDMI da hannu. Maganar waya kuwa, wadda ta zo a kwalin PS5 ko Xbox Series X ita ce Ultra High Speed, ta isa komai, ka riƙe ta kar ka musanya da tsohuwar wayar dikoda. Na'urorin nan ba sa wuce 120Hz, don haka monita mai 240 ba za ta ƙara maka komai a kansu ba.

A PS5 ka shiga Settings, Screen and Video, Video Output. Akwai wurin da ke nuna bayanin abin da ake fitarwa yanzu, ka fara duba shi. Lokacin da PS5 ta fito a 2020 ba ta san 1440p ba, sai a Satumban 2022 aka ƙara mata, saboda haka in taka ta daɗe ba a sabunta ta ba ka sabunta, sannan ka danna Test 1440p Output ta gwada monitar ta gaya maka abin da ta iya. Ka sa 120 Hz Output a Automatic. Amma wannan kaɗai bai isa ba, dole gem ɗin kansa ya zama yana da yanayin 120, kuma yawanci sai ka zaɓi Performance a cikin saitin gem ɗin ko a Game Presets. A Xbox hanya ita ce Settings, General, TV & display options, nan za ka zaɓi rezolushan da Refresh rate, kuma akwai shafin 4K TV details da ke jera maka abin da monitar ta iya da koren maki da abin da ba ta iya ba, shafin nan yana da amfani ƙwarai ko da monitarka ba 4K ba ce. Xbox ta daɗe da sanin 1440p tun zamanin One S da One X. PS4 Pro kuwa ba ta fitar da shi, in ka haɗa ta da monitar 1440p za ta sauko 1080p ne sai dai in monitar tana karɓar siginar 4K ta rage shi da kanta. Switch ta farko 1080p a 60 ce iyakarta a dok, Switch 2 da ta fito a 2025 tana kaiwa 4K a 60, ko 120 a 1080p da 1440p.

Shin 120 ɗin ya cancanci wahalar? A wurina eh. A 60Hz kowane hoto yana tsayawa kusan milisakan 16.7, a 120 kuma 8.3, rabi kenan, kuma hannu yana jin wannan tun kafin ido ya gane. In aka ce in zaɓa tsakanin 4K a 60 da 1440p a 120 a kan sikirin mai inci 27, na biyun zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba, don a wannan girman da wannan nisan bambancin kaifin hoton kaɗan ne, na motsin kuwa a fili yake.

VRR shi ne ke sa monita ta bi saurin gem ɗin in ya ɗan sauka, hoto ba ya yagewa a tsakiya. Nan akwai bambanci da ya kamata ka sani kafin sayayya. Xbox tana aiki da wani nau'in VRR mai suna FreeSync ta HDMI, wanda monitoci masu yawa suke da shi. PS5 ba ta aiki da FreeSync, sai VRR ɗin da ke cikin tsarin HDMI 2.1, don haka za ka iya ganin tambarin FreeSync a monitarka amma PS5 ta ce ba ta ga komai ba, kuma ba laifin waya ba ne. A wasu monitocin sai ka kunna Adaptive Sync a menu kafin na'urar ta gan shi.

Akwai wani saiti ƙarami da ke ɓata hoto ba a sani ba, RGB Range. Talabijin ya saba da ma'aunin duhu da haske daga 16 zuwa 235, monita kuma daga 0 zuwa 255. In na'ura ta aika ɗaya monita tana jiran ɗayan, ko dai baƙi ya koma toka-toka kamar an shafa hazo a sikirin, ko kuma wurare masu duhu su dunƙule ka kasa ganin abokin gaba a lungu. A PlayStation da Switch ka bar shi a Automatic tukuna, in ka ga ɗaya daga cikin alamun nan sai ka sa Full ka tabbatar ita ma monitar tana kan Full a nata menu ɗin. A Xbox sunansa Color space, akwai Standard akwai PC RGB, abin da ake so kawai ɓangarorin biyu su yi daidai.

HDR kuma ina da ra'ayi a kansa. Monitoci masu sauƙin kuɗi da aka manna wa DisplayHDR 400 suna karɓar siginar amma ba su da hasken da za su nuna ta yadda ya kamata, sau da yawa in ka kunna sai kala ta koɗe hoton ya fi muni. Ka gwada gem ɗaya da shi a kunne da kuma a kashe, in a kashe ya fi kyau a idonka ka bar shi a kashe, ba ka yi asarar komai ba. In monitar mai faɗin nan ce 21:9, ka sani na'urorin gem 16:9 suke fitarwa, ko dai ka yarda da baƙin shafi a gefe biyu ko hoton ya miƙe mutane su yi ƙiba, ka shiga menu ka sa Aspect a kan 16:9 ko Original. Haka ma masu 1920 da 1200. Overdrive ko Response Time kuma ka bar shi a tsakiya, in ka kai shi ƙarshe za ka riƙa ganin wata inuwa mai haske tana bin duk abin da ya motsa.

Idan ka yi duk wannan sikirin ya tsaya baƙi ko ya rubuta No Signal ko Out of Range, kar hankalinka ya tashi, yawanci na'urar ce ta riƙe saitin talabijin ɗin da ta baro, misali 4K, monitar kuma ba ta iya ɗauka. Ka fara da masu sauƙi, ka tabbatar Input daidai ne, ka zare wayar ka mayar ta zauna sosai, ka gwada ɗaya ramin, ka cire duk wani adafta ko suwic da ke tsakiya. In bai yi ba, a PS4 da PS5 ka kashe ta ɗungurungum, ka danna madannin wuta ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, wajen sakan 7 kenan, ka jona pad da wayar USB ka danna PS, ka shiga Safe Mode kenan. Ka zaɓi Change Resolution a PS4, ko Change Video Output a PS5, a can ma akwai inda za ka mayar da HDCP zuwa 1.4 kawai, wanda ke warware matsalar tsofaffin monitoci da yawa. Ka yi hattara a wannan menu ɗin, zaɓuɓɓukan ƙasa masu Initialize ko Reset suna goge komai, kar hannunka ya kai can. A Xbox ka cire faifai in akwai, ka riƙe madannin wuta sakan 10 ta mutu, sannan ka danna na wuta da na fitar da faifai tare ka riƙe har ƙara ta biyu, za ta tashi a 640 da 480 sai ka je ka gyara. A Series S da ba ta da faifai madannin haɗa pad ake riƙewa a madadinsa. PS3 kuwa riƙe madannin wuta kawai za ka yi lokacin kunnawa har ta sake yin ƙara, sai ta manta tsohon saitin ta nemi sabo.

Masu tsofaffin na'urori, Xbox 360 na farko-farko ba su da HDMI amma akwai wayar VGA da aka yi musu, tana aiki da monita kai tsaye kuma hoton yana da kyau, sautin yana fita ta jan baki da fari. Wii da PS2 sai da kwanbata zuwa HDMI, kuma yawancin gem ɗin PS2 suna fitar da 480i ne wanda monitoci da dama ba sa karɓa, don haka ka nemi kwanbatan da ke ɗaga hoton zuwa 720p ko 1080p, ba wanda ke miƙa shi yadda ya zo ba.

In kuma monita ɗaya kake so ta yi maka kwamfuta da gem, ka ba kwamfutar DisplayPort ka bar wa gem HDMI, sai ka riƙa juyawa da madannin Input. Ramuka sun yi kaɗan, ka sa suwic na HDMI, mai shiga biyu ko uku fita ɗaya, ba sifilita ba, shi sifilita hoto ɗaya yake rabawa sikirin biyu. Suwic ɗin ma ka duba an rubuta 4K 120 ko HDMI 2.1 a jikinsa in PS5 ko Series X za ka bi da shi, kuma wayoyin da ke shiga da wadda ke fita duk su zama masu ƙarfi ɗaya.